Waɗanda suka zauna makoki da ni a Ohayo

An haife ni a Tudun Wadan Zariya, ni ce ta biyar a ɗakinmu, kuma sunan mahaifiyar Baba aka sa mini, shi ya sa har yau ba ya kiran sunana, sai dai ya ce Mamana. Malamin sakandare ne, ya yi shekara talatin da biyar yana koyarwa kafin ya yi ritaya, Umma kuwa ɗinki take yi a gida, tana kuma zubin adashi da matan layinmu. Da na samu tallafin karatu zuwa wata jami'a a jihar Ohayo ta Amurka a shekarar 2013, uwar adashi ta roƙi sauran mata suka bar wa Umma kwasar watan alhali ba a zo kanta ba, da kuɗin ta saya mini akwati da rigar sanyi ta gwanjo a kasuwar Sabon Gari. Wannan rigar ce a jikina ranar da na sauka daga jirgi a watan Agusta, ana tsananin zafi, domin babu wurin da zan sa ta a cikin akwatin.

A farkon Janairun 2014 aka yi wani sanyi a Ohayo wanda har 'yan ƙasar suka ce sun jima ba su ga irinsa ba, aka rufe makarantu, aka ce kowa ya zauna a ɗaki. A cikin wannan makon Allah ya yi wa Umma rasuwa. Hawan jini ne ya kayar da ita bayan sallar asuba, kafin a isa asibiti rai ya yi halinsa, aka yi mata sutura, aka kai ta makwancinta da hantsi. Tsakanin Zariya da Ohayo akwai tazarar awa shida a lokacin sanyi, saboda haka duk wannan ya faru ina barci, wayata a kashe. Da na kunna ta, babban yayanmu ne ya fara samuna, ya ce, "Sai haƙuri, ƙanwata, Umma lokaci ya yi, yanzu muka dawo daga maƙabarta." Ba ni da kuɗin jirgi, Baba ma da na yi masa kuka a waya cewa ya yi, "Mamana, zuwanki ba zai dawo da ita ba, ki yi mata addu'a daga nan, ki riƙe abin da ya kai ki."

Na san yadda gidanmu yake a wannan lokaci ko ban gani ba: tabarmi a ƙofar gida, mata cike da tsakar gida, kwanukan abinci suna shigowa daga maƙwabta domin gidan da aka yi rasuwa ba a barinsa da hura wuta. Ni kuwa ina kwance a ɗaki na hawa na uku, na rufe labule, kwana biyu ban ci komai ba sai ruwan famfo. Wata ɗalibar ajin ƙarshe da ke ɗakin da ke kallon nawa, baƙar fata 'yar jihar Jojiya wadda gaisuwa kawai ke haɗa mu, ita ce ta lura ƙofata ba ta buɗu ba. Ta ƙwanƙwasa har sai da na buɗe, ta ji abin da ya faru, ta tambaye ni abin da muke yi a garinmu idan an yi rasuwa. Na ce mata zama ake yi da mutum, aƙalla kwana uku. Ba ta ce komai ba ta fita, bayan awa biyu ta dawo da mata huɗu, dukkansu sanye da riguna masu launi ɗaya da haruffan Girkanci a ƙirji.

Sun zo da shinkafa da ganye da burodin masara da kaza, ɗaya daga cikinsu ta yi sauri ta ce kada in ji tsoro, sai da suka je shagon Somaliyawa suka sayo yankan Musulmi. Suka zauna a ƙasa tare da ni. Wadda ta tara su ta yagi takarda daga littafinta, ta ja layi, ta rubuta awanni daga safe zuwa dare, kowace ta sa sunanta a inda ba ta da lacca, sannan ta tambaye ni lokutan salla ta rubuta su a gefe domin a riƙa ba ni wuri, ta manna takardar a bayan ƙofata. A rana ta uku wata ta ce in kwance ɗankwali, ta taje mini kai a hankali, ta yi mini kitso guda shida, tana yi tana ba ni labarin rasuwar kakarta da yadda 'yan cocinsu suka cika musu gida da abinci. A ƙarƙashin hannunta na yi kukan da ban iya yi ba tun ranar farko.

Daga baya na fahimci cewa 'yan ƙungiya ɗaya ne, irin wadda ake kira sororiti a jami'o'in Amurka, daga kalmar Latin mai nufin 'yar'uwa, kuma da wannan kalma, soror, suke kiran juna. Ƙungiyoyin mata baƙar fata manya guda huɗu ne. Ta farko, Alpha Kappa Alpha, an kafa ta a Jami'ar Howard da ke Washinton a 1908, lokacin da ƙungiyoyin fararen ɗalibai ba sa karɓar baƙar fata, kuma ita ce Kamala Harris ta shiga tana ɗaliba. Delta Sigma Theta ta biyo baya a 1913 da ɗalibai 22, waɗanda aikinsu na farko a bainar jama'a shi ne shiga tattakin neman 'yancin zaɓe ga mata a ranar 3 ga Maris na wannan shekara. Sai Zeta Phi Beta a 1920, wadda ta riga sauran buɗe reshe a Afirka, a Monrobiya, a 1948, sannan Sigma Gamma Rho da malamai mata bakwai suka kafa a Indiyanafolis a 1922. Ba zan faɗi wacce ce tawa a cikinsu ba, domin a labarin nan akwai laifi, kuma laifin na wasu mutane ne tare da ni kaina, bai kamata in rataya shi a wuyan sunan da dubban mata suka yi wa hidima ba.

Zangon karatun ya lalace mini. Na faɗi darasi biyu, ofishin tallafi ya aiko mini da takardar gargaɗi cewa zango ɗaya aka ba ni in gyara makina ko a janye kuɗin, ga shi dokar bizar ɗalibi ba ta yarda in rage darussa in huta ba. Matan nan suna da awannin karatu na dole a laburare, sai suka riƙa biyo mini suna tafiya da ni duk da ba 'yar ƙungiya ba ce ni, wadda ke karanta ilimin sinadarai ta zaunar da ni ta sake koya mini abin da ya wuce ni daga tushe. Da haka na tsira da tallafina, kuma da haka sha'awar shiga cikinsu ta kama ni.

Ranar da na gaya wa Baba, shiru ya yi har na zaci layin ya yanke. A wurin duk wanda ya san jami'o'in Najeriya, ƙungiyar ɗalibai mai alama da rantsuwa da taro a rufe ma'ana ɗaya gare ta, wato ƙungiyar asiri, kuma Baba bai manta da ɗalibai biyar da aka kashe a jami'ar Ile-Ife a watan Yulin 1999 ba. Ya ce, "Mamana, na aike ki neman ilimi, kada ki ɗauko mini abin da zai raba ki da imaninki." Na yi istihara, na kai maganar wurin uwar reshen ƙungiyar na makarantarmu, wata tsohuwar ma'aikaciyar jinya da ta haura shekara arba'in a ƙungiyar, wadda nake kira Anti. Ita ta nemi in haɗa ta da Baba, suka yi kusan awa guda a waya. Ta bayyana masa cewa reshen yana da rajista a jami'a, yana da kundin dokoki, ana binciken kuɗinsa, ba ta kuma ɓoye masa cewa bikin shiga a rufe ake yin sa kuma ana addu'a irin ta Kirista ba. Baba ya kafa sharuɗɗa uku, cewa ba zan zauna inda ake shan giya ba, ba zan cire lulluɓi ba, kuma ba zan rantse da wanin Allah ba, Anti ta ce ta ɗauki alkawari. Na san akwai Musulmi da Kiristoci masu tsoron Allah da suke ganin ko da waɗannan sharuɗɗa bai dace a shiga ba, kuma ban taɓa raina ra'ayinsu ba. Akwai ma ƙungiyoyin da mata Musulmi suka kafa wa kansu, Gamma Gamma Chi a 2005 da Mu Delta Alpha a Tekzas a 2016, sai dai babu reshen ko ɗaya a makarantarmu, kuma zuciyata tana wurin waɗanda suka zauna mini makoki.

Kuɗin shiga ya haura dala dubu, ni kuwa wanke-wanke nake yi a ɗakin cin abinci na makaranta, awa ashirin a mako, iyakar abin da doka ta yarje wa ɗalibi baƙo. Anti da wasu manyan mata suka haɗa mini rabi. A bazarar 2015 muka shiga mu bakwai, layi ɗaya, aka jera mu bisa tsawo kamar yadda al'adar take, na zama ta biyu. A cikin tarihin da muka haddace, abin da ya fi shiga raina shi ne aikin lafiya da Alpha Kappa Alpha ta fara a jihar Misisipi a 1935, inda masu gonakin auduga suka hana ma'aikatansu baƙaƙe zuwa wurin likita, sai matan suka mayar da motocinsu asibitin tafi-da-gidanka suka bi su har gona suna yi wa yara rigakafi. Na yi alfahari da kasancewa a zuriyar irin waɗannan mata, ko da ta wata ƙofar na shigo.

Yanzu na zo wurin da ya fi mini wuyar rubutawa. Tun 1990 shugabannin waɗannan ƙungiyoyi suka haramta tsohon tsarin gwale-gwale da ake yi wa masu neman shiga, suka maye gurbinsa da darussa da jarrabawa, amma al'adar ba ta mutu ba, ta koma ƙarƙashin ƙasa ne. Wasu tsofaffin 'yan reshe da ke dawowa lokacin bukukuwa suna kiran duk wadda ta shigo ta hanyar doka 'yar takarda, wato wadda ta sa hannu kawai ba ta sha wuya ba. Haka suka kira layinmu, kuma kalmar ta yi mana ciwo fiye da yadda muka nuna. Da lokacin ɗaukar sababbi ya zo a 2016, wasu a cikinmu suka ce kada a bari na bayanmu su ɗauki wannan suna, aka fara tara masu neman shiga da daddare a wani gida da ke wajen makaranta, ana tsayar da su awanni suna karanto tarihi, ana sa su durƙuso, ana hana su barci, ana yi musu tsawa. Ban daki kowa ba, ban zagi kowa ba, ni ce dai mai tsaron ƙofa. Na yi makarantar kwana a gida, na sha tsallen kwaɗo a hannun siniyoyi, na kuma sa wasu sun yi da na zama babba, saboda haka na gaya wa kaina cewa wannan ba komai ba ne.

A cikin 'yan matan akwai mai sikila, ta ɓoye domin tana tsoron a ce ba za ta iya ba. Wani dare aka fitar da su bayan gida cikin sanyi babu rigunan kirki, washegari ciwon ya tashi, aka kwantar da ita a asibiti. Na san sikila, 'yar ƙanwar Umma da ita ta rayu, na san yadda sanyi da gajiya ke tayar da ita, kuma na ga yarinyar tana dafe da ƙugu a daren ban yi magana ba. Da na je duba ta na tarar da ita ita kaɗai, ruwa yana shiga hannunta, ba ta gaya wa mahaifiyarta ba domin an gargaɗe su kada su faɗa wa kowa. Na ja kujera na zauna. Ta daɗe tana kallon silin kafin ta ce, "Ke ce kika sa na so shiga, saboda labarin da kika ba mu na rasuwar mamanki. Me ya sa ba ki ce komai ba?" Ba ni da amsa. Daga asibitin gidan Anti na wuce, na faɗa mata komai, har da inda na tsaya da abin da na gani.

An dakatar da reshenmu shekara biyu, an kori wasu har abada, ni ma an dakatar da ni shekara guda, kuma na cancanci hakan. Biyu daga cikin 'yan layina har yau ba sa amsa sallamata, suna ganin na tona asirin gida. Yarinyar ta warke, ta gama karatunta, ba ta sake neman shiga ba, na nemi gafararta ta ce ta yafe, amma ta roƙi kada in sake nemanta, na kiyaye. Na karɓi digirina a 2017 ba tare da gyalen ƙungiya a kafaɗata ba. Da na gaya wa Baba, bai ce ai na faɗa miki ba, cewa ya yi, "Kin yi laifi da kika yi shiru, kin kuma yi daidai da kika faɗa, sai ki nemi gafarar Allah ki ga abin da za ki iya gyarawa."

Yau ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje na wani asibiti, ina cikin reshen manya na garinmu, domin waɗannan ƙungiyoyi ba a barinsu da gama makaranta, kuma tun bayan da Anti ta tsufa ina cikin masu kula da reshen ɗaliban da na fito. Doka ta yi tsauri a kan gwale-gwale, jihar Ohayo ta tsaurara tata a 2021 bayan mutuwar ɗalibai maza biyu a jami'o'inta, gwamnatin tarayya kuma ta kafa wata a Disamban 2024 da ta wajabta wa jami'o'i bayyana irin waɗannan laifuffuka. Na yi murna da su, sai dai na san a 2016 ma haramun ne muka aikata. Abin da ya tura mu kalma ce, kuma babban burina ga wannan ƙungiya shi ne in ga ranar da babbar mace za ta ji kunyar kiran ƙaramarta 'yar takarda. Wannan aiki namu ne mu manya, mu da muke dawowa biki da motoci da labarin wuyar da muka sha, yara suna sauraro suna jin kamar ba su cika ba. Duk shekara ina tara sababbin shiga in ba su labarin asibitin da bakina, ina faɗa musu cewa ni ce mai tsaron ƙofa, domin na lura sun fi jin gargaɗi daga wadda ta aikata fiye da daga takardar doka.

Ina kuma fatan kuɗi ya daina zama shinge. Matan da suka kafa waɗannan ƙungiyoyi 'ya'ya da jikokin bayi ne da malaman makaranta, bai dace a wayi gari 'yar mai goge-goge ta kasa shiga gidan da aka gina dominta ba. Shekara biyu da suka wuce na bayyana wa reshen manya yadda adashin Umma yake, mata goma sha biyu suka yarda muka fara zubi duk wata, da sharaɗin cewa kwasa ɗaya a shekara ta tafi ga kuɗin shigar ɗalibar da ba ta da hali, ba tare da an bayyana sunanta ba, saboda na tuna nauyin da na ji lokacin da kowa ya san an biya mini. Wata 'yar asalin Jamaika a cikinmu ta ce su ma suna da irinsa a can, kakarta da shi ta gina ɗaki.

Game da 'yan Afirka da Musulmi, an samu ci gaba, ko da yake a hankali. Yanzu ana duba kalandar azumi kafin a sa ranar liyafa, kuma ba a ƙara tambayata dalilin da ya sa nake tashi kafin a fara rawa. Abin da ya rage shi ne yadda ake kallon Afirka. Lokacin da aka sace 'yan matan Chibok a Afrilun 2014, 'yan reshen sun tsaya da kyandir a filin makaranta da zuciya ɗaya, na gode musu, amma na lura yawancinsu ta labarin masifa kawai suke jin sunan ƙasata. Ina so wata rana su zauna da ƙungiyoyin matanmu na unguwa da na islamiyya a matsayin masu koyo da koyarwa, su ga cewa matan da suka bar wa Umma kwasar adashi aiki ɗaya suke yi da su, ba tare da haruffan Girkanci ba.

Takardar da aka manna a bayan ƙofata tana nan a cikin jakar da nake ajiye fasfo, tawadar ta fara dushewa, amma ana iya karanta inda aka rubuta azahar da la'asar yadda kunnen Ba'amurkiya ya ji su. A kakar da ta wuce wata ɗaliba 'yar zangon Kumasi, wadda ba 'yar ƙungiya ba ce, ta rasa mahaifinta, shugabar reshen ɗalibai ta kira ni da daddare ta ce, "Anti, kwana nawa ake zama, kuma me ba za ta ci ba?" Na faɗa mata, suka raba awannin a waya, suka zauna da ita kwana uku. A cikin waɗanda suka zauna ɗin akwai biyu da aka rada mini a makon nan cewa sun fara kiran masu neman shiga da tsakar dare. Na aika musu su same ni a gida ranar Asabar bayan la'asar, na kuma riga na sanar da uwar reshe da ofishin jami'a.